Lambar Ciwon da Ba a Faɗi Wurinsa Ba

A ƙasar Amurka, idan mutum ya wayi gari jikinsa ya yi tsami, tsokokinsa suna zogi kamar wanda ya wuni yana sassabe, ya tafi wurin likita aka duba shi aka sallame shi, to, ganin likitan nan rabin al'amarin ne kurum. Domin kuwa bayan ya sa takalmansa ya fita, akwai aiki na biyu da za a soma a wani ɗaki wanda ba zai taɓa shiga ba, inda wani ma'aikaci da bai ga fuskarsa ba, bai kuma ji nishinsa ba, zai zauna gaban kwamfuta ya karanta abin da likita ya rubuta, ya juya shi zuwa haruffa da alƙaluma, sa'an nan ya tura wa kamfanin inshora don a biya kuɗin aikin. Ciwon da mutumin ya ɗauki rubu'in sa'a yana kwatantawa da baki da hannu, a ɗakin nan zai ƙanƙance ya koma M79.10, wadda ma'anarta ita ce ciwon tsoka wanda ba a ambaci wurinsa ba.

Na daɗe ina juya wannan ƙaramar lamba a raina, saboda a ganina ta ƙunshi mas'ala wadda ta fi ta girma nesa ba kusa ba, watau matsayin kalmar "ban sani ba" a wurin da ake biyan mutane gwargwadon abin da suka ce sun sani. Amma kafin a kai ga wannan, ya kamata mai karatu ya ji inda lambar ta samo asali, gama tarihinta yana bayyana galibin wahalar da ake sha da ita yau.

Kundin da lambar take ciki, wanda duniya ta sani da haruffan ICD, tun farko don lissafin matattu aka kafa shi. A birnin Landan, tun farkon ƙarni na 17, ana fitar da takardun mace-mace kowane mako, kuma waɗanda suke faɗin sanadin mutuwar tsofaffin mata ne da aka ɗauka aikin duba gawa, ba su da ilmin likitanci, abin da ido ya nuna musu ko dangi suka faɗa shi suke kai wa magatakarda. Wani ɗan kasuwa mai suna John Graunt ya tattara takardun nan na shekaru masu yawa ya yi nazarinsu, ya fitar da littafinsa a 1662, kuma tun daga wannan lokaci masana suka gane cewa ƙidaya ba ta da fa'ida muddin kowa yana kiran cuta da sunan da ya ga dama. A ƙarni na 19 William Farr, likitan da ya yi shekaru yana riƙe da ƙididdiga a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Ingila, ya dage kan a daidaita sunayen. Taron masana ƙididdiga da aka yi a Brussels a 1853 ya ɗora masa wannan aiki tare da Marc d'Espine na Geneva. Amma jerin da ya sami karɓuwa a ƙarshe shi ne na Jacques Bertillon, shugaban ƙididdiga na birnin Paris, wanda aka amince da shi a Chicago a 1893. Aka riƙa sabunta shi kusan kowace shekara goma, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948, a bugu na shida, kuma a nan ne aka faɗaɗa shi ya haɗa da cututtukan da ba sa kisa. Ta wannan ƙofa ciwon tsoka da ire-irensa suka shiga littafin da dā ba ya kula da kowa sai wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Amurkawa suka ɗauki kundin suka ƙara masa rassa don amfanin asibitocinsu, suka kuma ɗora masa nauyin da masu kafa shi ba su yi nufi ba, watau suka mai da shi harshen da likita da mai biyan kuɗi suke magana da juna. Sun yi aiki da bugu na tara tun daga 1979, mai lambobi kimanin 14,000, suka riƙe shi shekaru da dama bayan duniya ta amince da bugu na goma a 1990. Aka sa ranar sauyi aka ɗage, aka sake sawa aka sake ɗagewa, saboda kukan likitoci kan tsadar sauya na'urori da horar da ma'aikata, har dai ranar 1 ga Oktoba 2015 aka koma sabon kundi mai lambobi wajen 70,000. Hukumar da ke kula da inshorar gwamnati ta tsofaffi, wadda ake kira Medicare, ta yi wa likitoci rangwame na shekara guda, cewa ba za a ƙi biyansu don rashin kaifin lamba ba muddin sun dace da danginta, rangwamen kuwa ya ƙare a Oktoban 2016.

A tsohon kundi, lamba ɗaya ce, 729.1, ta rungumi ciwon tsoka da kumburin tsoka, har ma da cutar nan da ake kira fibiromayaljiya, mai sa ciwo a ko'ina cikin jiki wata da watanni tare da gajiya da rashin barci mai daɗi. Sabon kundi ya raba su gida-gida: kumburin tsoka ya koma ƙarƙashin M60, fibiromayaljiya ta sami M79.7, ciwon tsoka zalla ya zauna a M79.1, aka kuma sa wata hashiya a ƙarƙashinsa wadda ta hana a haɗa shi da ɗayan biyun a kan ciwo ɗaya, domin wanda aka tabbatar masa da cuta mai suna, ciwon tsokarsa ya riga ya shiga cikin sunan. Abin lura a nan shi ne cewa ciwon tsoka alama ce, kamar zazzaɓi ko tari, kuma mafi yawan alamomi an ware musu babi na 18, mai farawa da harafin R. Amma shi an ajiye shi a babi na 13 tare da cututtukan ƙashi da gaɓoɓi, sai ya zama yana sanye da rigar cuta alhali kuwa shi mai kawo labarinta ne kawai. Mura mai tsanani tana kawo shi, zazzaɓin cizon sauro da na dengi suna kawo shi, aikin ƙarfi wanda jiki bai saba ba yana kawo shi, raunin aikin ƙwayar nan ta wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo yana kawo shi, haka nan waɗansu magunguna.

Sai kuma ranar 1 ga Oktoba 2018, ranar da ake sabunta kundin kowace shekara, aka tsaga M79.1 gida huɗu. M79.11 ta zama ta tsokokin tauna, M79.12 ta sauran tsokokin kai da wuya, M79.18 ta kowane wuri dabam da aka ambata, M79.10 kuwa ta wurin da ba a ambata ba. Daga ranar, duk takardar neman biya da ta zo da tsohuwar lamba mai alƙaluma uku sai na'ura ta dawo da ita tun kafin idon ɗan Adam ya gan ta, kuma asibitocin da ba su gyara jerin da ke cikin kwamfutocinsu ba suka ga takardunsu suna komowa. Wanda ya dubi rabon nan da kyau zai ga bai yi daidai da faɗin jiki ba: muƙamuƙi da wuya sun sami lamba biyu, wanda ya yi wa likitocin haƙori da na muƙamuƙi amfani ƙwarai, amma gadon baya da kafaɗa da cinya da ƙwauri duk an tara su a ɗaki ɗaya, shi kuwa mutumin da ciwo ya game masa jiki duka ba a yanka masa nasa gurbi ba, galibi sai ya faɗa cikin M79.10 tare da wanda aka manta ba a tambaye shi ba. A Jamus, inda su ma suke da nasu reshen kundin, M79.10 ɗin nan ma'anarta ciwon tsoka a wurare da yawa, wurin da ba a ambata ba kuwa lambarsa M79.19, alƙaluma iri ɗaya, ma'ana dabam, wanda ya isa ya nuna cewa lamba ba ta da ma'ana sai wadda mutanen ƙasa suka yi ittifaƙi a kanta.

Yadda lambar take zama kuɗi kuwa ga shi. Takardar da likitoci suke neman biya da ita, wadda ake kira CMS-1500, ko kwatankwacinta da ake turawa ta intanet, tana da gurabe goma sha biyu na cututtuka, daga A zuwa L, a ƙasansu kuma akwai layukan ayyukan da aka yi, kowane aiki da tasa lambar daga wani kundi dabam mai suna CPT, wanda Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fara bugawa a 1966 kuma har yau mallakarta ne. Kowane layin aiki tilas ya nuna harafin cutar da ta sa aka yi shi. Aiki shi ne abin da ake biya, cuta kuwa ita ce hujjar da ta halatta biyan. Idan hujja ba ta ɗauki nauyin aiki ba a idon mai biya, sai ya ce ba larura, ya ƙi. Kamfanonin da ke tace takardun Medicare a shiyya-shiyya suna wallafa jerin lambobin cuta da suke karɓa a kan waɗansu ayyuka, kamfanonin inshora masu zaman kansu su ma kowane da nasa, kuma lambar da ba ta cikin jeri, ko da gaskiya ce tsantsa, ba ta buɗe ƙofa.

To, mu ƙaddara wani magidanci mai shekara hamsin da 'yan kai, direban babbar mota, ya zo asibiti yana cewa kwana goma ke nan jikinsa na ciwo, yau a kafaɗa, gobe a ƙafa, ba zazzaɓi, bai faɗi ba, bai ɗauki kaya mai nauyi ba. Likita ya duba shi, ya tambayi magungunan da yake sha, ya ga akwai na rage kitsen jini daga dangin da ake kira sitatin, wanda aka fara ba shi watanni biyu da suka wuce. Ya yi zaton ko shi ne, ya kuma yi zaton ko ƙwayar wuya ce, ko kuwa zaman mota ne kawai. Ya rubuta gwajin jini, ya ce ya dawo bayan mako biyu. A rubutunsa ya sa ciwon tsoka a wurare dabam-dabam, mai yiwuwa daga magani.

Ƙa'idar da hukumomin Amurka suka shimfiɗa wa masu sa lamba ta yi hukunci a kan wannan sarai, kuma ina ganin hukuncin ya yi kyau: ga mara lafiyar da ba a kwantar ba, ba a sa lambar cutar da likita ya ambata da lafazin shakka, irin su mai yiwuwa, ko ana zato, ko ana so a kore, ana tsayawa ne a iyakar abin da aka tabbatar a wannan zama, ko da alama ce kawai. Ƙa'idar ta kuma faɗa a fili cewa lambobin da ba su fayyace ba suna da halastaccen amfani, har wani lokaci su ne suka fi dacewa, kuma bai kamata a yi wa mutum gwajin da ba ya bukata don kawai a sami lamba mai kaifi ba. Wanda ya yi zama gaban malamai zai ji wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnensa, domin malaman usulu sun daɗe da rarrabe yaƙini da zato da shakka, suka hana a gina hukuncin ɗaya a kan ɗaya. An kuma ruwaito cewa Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, an taɓa kawo masa tambayoyi masu yawa daga nesa ya amsa mafi yawansu da cewa bai sani ba, almajiransa kuwa suka riƙe wannan a cikin darajojinsa. Likitan direban nan, ranar farko, a wannan matsayi yake, kuma M79.10 ita ce shaidar gaskiya a kan iyakar saninsa.

Amma fa akwai wani "ban sani ba" na biyu wanda ba shi da wannan daraja, shi ne na gaggawa da sakaci. Mara lafiya ya ɗora yatsa a kan ƙeyarsa ya ce nan ne, likita ya taɓa ya ji tsokar ta ɗaure kamar igiya, amma da ya zo rubutu, ga mutane cike da ɗakin jira, sai ya danna kalmar farko da kwamfuta ta miƙo masa. Abin ya fi muni idan an yi allura. Akwai allurar da ake yi a cikin ƙullin tsoka mai zafi, lambarta 20552 idan tsoka ɗaya ce ko biyu, 20553 idan uku ce ko fiye, kuma wanda ya soka allura a tsoka har ya ƙirga adadinsu ba shi da uzurin cewa bai san wurin ba. Takardar da ta haɗa aikin nan da ciwon da ba a ambaci wurinsa ba tana ƙaryata kanta da kanta. Mai sa lamba kuwa, ko da ya fahimci wurin daga siyaƙin magana, ba a ba shi izinin ya yi wa likita ijtihadi ba. Maganar da suke maimaitawa a sana'arsu ita ce abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba. Abin da ya rage masa shi ne ya aika wa likita tambaya a rubuce, tambayar kuma akwai ladabinta, ba a yarda ta ja likita zuwa amsar da ta fi kawo kuɗi ba, sai dai ta shimfiɗa masa abin da ke cikin fayil ta roƙe shi ya fayyace.

Aibin da nake gani a tsarin shi ne cewa lambar ba ta iya rarrabe waɗannan biyun, mai biya kuma, da yake na'ura ce take fara tace masa dubban takardu, sau da yawa yakan yi musu kuɗin goro. Idan aka yi ta dawo wa asibiti da takardu, kowace kuma sai an sa ma'aikaci ya gyara ya sake turawa, ko ya ɗaukaka ƙara ya jira makonni, to, ba sai an ce wa kowa ya yi ƙarya ba. A hankali hannu zai koyi kauce wa lambar da ke jawo wahala ya nufi wadda ke wucewa. A nan ne likita mai gaskiya yake shiga tsaka mai wuya, domin rubuta cutar da ba a tabbatar ba shaidar zur ce, dokar Amurka kuma ba ta wasa da ita: dokar hana neman kuɗin gwamnati da ƙarya, wadda aka kafa tun 1863 zamanin Abraham Lincoln saboda 'yan kwangilar da ke cutar sojoji lokacin yaƙin basasa, ita ce har yau ake kama asibitoci da ita, tana kuma ɗora biyan ninki uku na abin da aka ci.

Wanda ya fi kowa cutuwa kuwa shi ne mara lafiya, ko da bai san ana yi ba. Idan an ƙi biya, sau da yawa takardar bashi gidansa take zuwa. Idan kuma an liƙa masa sunan cutar da ba tasa ba don takarda ta wuce, sunan yakan bi shi daga fayil zuwa fayil shekara da shekaru; likitan da zai gan shi nan gaba ya tarar an rubuta fibiromayaljiya, sai ya karanta duk wani sabon ciwo da wannan tabarau, alhali a cikin masu kukan ciwon tsoka akwai wanda tsokarsa ce take narkewa tana zuba cikin jini har ta toshe ƙoda, akwai kuma dattijon da ciwon kafaɗu da ƙugunsa cuta ce ta kumburi wadda ke jin magani da sauri in an gane ta. Dokar inshorar lafiya ta 2010 ta hana kamfanoni ƙin karɓar mutum saboda tsohuwar cuta, hanin da ya game manya daga 2014, amma masu inshorar rai da ta nakasa har yanzu suna duba fayil. Bayan wannan duka, lambobin nan su ne masu bincike suke ƙirgawa don su san abin da ke damun jama'a, watau ainihin aikin da Farr da Bertillon suka yi wa kundin tanadi, kuma ƙidayar da aka lanƙwasa don neman biya ba za ta miƙe a hannun mai bincike ba.

Mu da muke magana da Hausa muna da dalilin kula da wannan, domin tun da aka sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya a Nijeriya a 2022, asibitocinmu suna ƙara shiga zamanin da takarda ke tsakanin likita da kuɗinsa. Harshenmu kuwa a wannan fage mujmali ne ƙwarai: "ciwon jiki" yana ɗaukar tsamin gajiya da farkon zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, har da damuwar zuciya wadda mai ita ba ya son ambata, kalmar "jijiya" kuma ita kaɗai tana nufin hanyar jini da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi da kuma wadda ke kai saƙon ji. Tsohuwar da ta ce wa likita, "Ɗana, jikin ne duka ba daɗi," ta faɗi gaskiyarta cikakkiya, sauran aikin na mai tambaya ne, ya ce, "Baba, nuna mini da hannu," ya kuma rubuta inda hannun ya sauka.

Direbanmu ya dawo bayan mako biyu. Gwajin ƙwayar wuya ya fito lafiya, sinadarin da ke nuna lalacewar tsoka bai hau ba, kuma da likita ya sa ya dakatar da maganin kitse ciwon ya ja baya, ya tattaru a cinyoyi biyu kafin ya soma gushewa. Yanzu likita ya rubuta da lafazin tabbaci cewa ciwon tsokar cinyoyi ne sakamakon maganin, wanda aka sha bisa ƙa'ida. Mai sa lamba zai fara da M79.18, ya bi ta da T46.6X5A, wadda kowane harafinta yake da aiki: T46.6 dangin magungunan rage kitsen jini, X mai riƙe gurbi ne kawai, 5 tana nufin illa ta zo ne alhali an sha magani yadda aka umarta, da 1 ce a wurin da an sha ne bisa kuskure, da 2 ce da ganganci ne don cutar da kai, A kuwa tana nuna ana cikin jiyyar abin. Za a sauya wa mutumin magani ko a rage masa, a rubuta a fayil don likitan gaba ya sani. Takardar zuwansa na farko kuwa ba za a koma a gyara ta ba. Tana nan da kwanan watanta da M79.10 a gurbin A, kamar yadda aka tura ta.